Labbo da Hutun Kwana Biyu

Ni ban taɓa shiga aji ba, amma na daɗe a bakin ƙofarsa. Akwai wata makarantar firamare a unguwarmu ta Tudun Wada, nan Gusau. Da safe yara ke cikinta. Da yamma kuma, daga la'asar sakaliya zuwa kiran magariba, wata ƙungiya ta ari ɗakuna biyu tana koya wa manya sana'a, ɗaki ɗaya ɗinki, ɗaya gyaran babur. Ni ina gindin katanga da tiren hoce, gurasarmu ta dawa, da kwanon kwaɗon zogale, suna ce mini Inna Jummai. Mai abincin ƙofa ta fi malami sanin wanda ke zuwa da wanda ya daina, don malami suna yake kira, ni kuwa fuska nake kallo.

Ranar da aka buɗe, sai ka ce rabon taki ake yi. Benci ya cika, wasu a ƙasa, wasu sun rataye a taga. Ba son karatu ya tara su ba. Wani ne ya baza labarin cewa duk wanda ya gama za a ba shi akwatin kayan aiki kyauta, kuma mutanenmu in sun ji kyauta ko gurgu ya tashi. Da suka shiga suka tarar da mataccen inji guda ɗaya bisa tebur, wanda za su yi ta kwancewa suna ɗaurawa, sai jiki ya fara sanyi.

A gabana suka riƙa zubewa. Samarin Wonaka sun yi ta zuwa har ruwan farko ya sauka, daga nan gona ta kira su, kuma ban ga laifinsu ba, ba a tuƙa tuwo da sifana. 'Yan Bungudu hanya ce ta kore su, don ana tashi ne da magariba, kuma direba mai hankali ba ya son rana ta faɗi masa a bayan gari. Matan ɗinki kuwa, miji ya dawo sau biyu ya tarar da murhu a sanyaye, karatu ya ƙare. Akwai wanda ya bari saboda matashin malami ya gyara masa kuskure gaban yara sa'o'in ɗansa. Waɗanda suka rage kashi biyu ne, masu jiran akwati da waɗanda ba su da wurin zuwa. Labbo yana cikin na biyun.

Bafulatani ne dogo, siriri, shekarunsa za su yi talatin da wani abu. Rugarsu tana wajen Kucheri, ƙasar Tsafe. Shanunsa 'yan bindiga suka kora, rugar kuma 'yan sa-kai suka ƙone, saboda haka ba shi da wanda zai kai wa kuka. Ya taso da matarsa Safiya da 'yarsu ƙarama, suka raɓe a wani kango da mai shi bai samu rufewa ba, can bayan unguwarmu. Da safe yana tura baro a kasuwa, da yamma ya wanke ƙafa ya zo aji. Ban taɓa ganin ya makara ba. Yakan riga mai buɗe ƙofa.

Abin da yake nema bai ɓoye ba. Wani mai gareji a bakin hanyar Bungudu ya ce zai ɗauke shi aiki, amma sai ya kawo takardar shaida daga makaranta. Mutumin ya faɗa masa gaskiya, ya ce ba zai ajiye Bafulatani yana taɓa babura ba sai da abin da zai nuna in an zo tambaya. Ta can kuma ƙannen matarsa suna aiko masa da saƙo ya dawo daji, wai akwai abin yi. Kowa ya san abin yin da ya rage a daji. Ke nan takardar nan ita ce zamansa a gari. In ta samu ya zauna, in ba ta samu ba hanya ɗaya ce.

Malaminsu, Malam Abdulaziz, yaro ne mai kirki, ya san inji, sai dai tsoro ya yi masa yawa, kuma shi ma ban ga laifinsa sosai ba. Ya taɓa ce mini a cikin ajin ba mai hannun Labbo. Allo dai bai gane masa komai ba, rubutu duk ɗaya ne a wurinsa da sawun kaji. Amma in aka kawo babur mai tari, sai ya durƙusa ya kara kunnensa jikin tanki, ya lumshe ido, kamar yadda Fulani suke sauraron cikin saniya in ta kumbura. 'Yan ajin su yi ta dariya.

"Agwai, shina tuƙa irin ta saniya ko?" in ji Mas'udu, wani ɗan gari mai baki, shugaban masu jiran akwati. "Ka tatsa muna mu sha."

Labbo ya yi murmushi, ya ce, "Kafireto ne, Malam. Ya sha ƙasa."

Aka kwance, aka tarar haka ne. Mas'udu ya ce to ai saniya ma da kafireto, aka sake dariya. A lokacin wasa ne, har Labbo yakan rama, ya ce masa Kaɗo ba ya jin inji sai ya ji ƙamshin miya.

Ni abin da ya fara haɗa ni da shi yunwa ce. Na ga leɓensa a bushe, na ga yadda yake kau da kai in an buɗe kwano. Na ce, "Labbo, zo ka ɗauki hoce." Ya ce Alhamdulillahi, ya ƙoshi. Ƙarya yake yi, cikinsa ya manne da baya. Na tuna Fulanin da muke sayen nono wurinsu tun ina yarinya. Fulako ke nan. Bafulatani ba ya cewa yana jin yunwa, ba ya ci a gaban mutane, ba ya roƙo, kuma in ka matsa masa ka ƙara kore shi. Sai na daina tayi. In ya iso, na naɗe hoce biyu a takarda na ɗora bisa katanga, can ƙurya inda bishiyar dalbejiya ta kare, na juya baya ina faɗa da ƙudaje. In na waiwaya ba hoce, ba Labbo. Bai taɓa yi mini godiya ba, ni ma ban taɓa nuna na san inda hocen ke zuwa ba. Wata rana dai na tarar an ɗaure mini ƙafar bencina da ta daɗe tana rawa.

Haka muka yi har karatu ya wuce rabi, kaka ta kusa.

Ran nan ana shirin shiga aji, wani babur ya zo daidai ƙofar makaranta ya mutu. Mai tuƙin saurayi ne Bafulatani da rawani. A bayansa wata tsohuwa ce a lulluɓe, ta jingina kanta da bayansa. Labbo yana ganinsu ya cire takalmi, ya durƙusa daga nesa, ya juya fuska wajen katanga, ya yi ta jero gaisuwa da Fillanci, bai ko ɗaga ido wajen matar ba. Sannan ya zagaya ta gefen da ba ta kallo, ya cire fulogi, ya kankare, ya hura, ya mayar. Bugu ɗaya babur ya tashi, suka wuce. Mas'udu yana tsaye a kaina yana cin kwaɗo, ya ga komai.

Ba a jima ba aka tare hanya tsakanin Gusau da Tsafe, aka shiga daji da mutanen wata bas. Direban yayan Mas'udu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. In faɗi gaskiya, duk bakinsa, yaron ya ba ni tausayi. Ya yi kwanaki bai zo ba. Ranar da ya dawo idonsa ja wur, bai tsaya wurina ba, ya wuce ciki. Tagogin ajin ba su da marfi, duk abin da aka faɗa a kunnena.

"Malam, tambaya gare ni," in ji Mas'udu. "Wanga da muke zama da shi, in ya iya gyaran babur, wa za shi gyara ma? Mu dai mun san masu hawan babur cikin daji. Kuma da idona na ga ya tada ma wani mai rawani mashin a ƙofar nan, har da tuɓe takalmi."

Aji ya ɗauki guna-guni. Malam Abdulaziz ya ce a yi shiru. Sannan ya juya ya ce, "Labbo, ba komi, faɗa muna. Su wane ne?"

Shiru. Na miƙe na leƙa. Yana tsaye, kansa a ƙasa, yana murza sifana a hannu.

"Kai nike tambaya. Su wane ne sunka zo?"

Ya daɗe, sannan ya ce, "Mutanenmu ne."

Da ya ce bai san su ba, da ya fi sauƙi. A Gusau ta yau, Bafulatani ya tsaya gaban wanda aka ɗauke wa ɗan'uwa ya ce mutanenmu ne, ai ya gama yi wa kansa shari'a. Mas'udu ya ce, "Kun ji da kunnenku." Malam ya ce, "Mutanenku na ina? Mi sunka zo yi?" Labbo bai ƙara ko kalma ba. Mu Hausawa mukan ce shiru ma amsa ce, kuma ranar kowa ya ɗauki amsar da yake so.

Malam ya ga abin zai ɓaci, ya kamo hannunsa ya fito da shi, suka tsaya kusa da tirena. Ya sassauta murya ya ce, "Ka ga, Labbo, ni ban zarge ka ba. Amma ka huta kwana biyu, har magana ta kwanta."

"To, Malam," in ji shi.

Ya sa takalminsa ya tafi. Hocen ranar yana nan bisa katanga har magariba, tururuwa suka ci.

Kowane Bahaushe ya san kwana biyu ba kwana biyu ba ne. Malam yana nufin ya ɗan janye, mako ko fiye, sannan ya lallaɓo ya zauna a bencin baya kamar ba a yi ba. Da Mas'udu aka faɗa wa haka, da jibi yana nan yana neman kwaɗo. Amma ga Labbo, babba ya fitar da kai gaban jama'a ya ce ka tafi, to ka tafi ke nan. Ba ka dawowa da ƙafarka sai an aiko an kira ka. Malam ya zauna yana jiran Labbo ya dawo. Labbo ya zauna yana jiran a kira shi. Ni ina tsakiya ina kallon wurinsa a benci.

Da na ga abin ya yi tsawo, wata safiya na ja ƙafata zuwa kangon. Sun kare ƙofa da buhu. Ina shiga na ga tsohuwar nan ta bayan babur kwance bisa tabarma, ƙafafunta sun kumbura kamar turmi. Safiya na yi mata fifita.

"Wacece wagga?" na ce.

"Innata ce. Ƙanena ya kawo ta asibiti, ya koma."

Na zauna. "Ita ce mijinki ya gyara ma babur?"

"Ita ce."

"To mi ya hana shi faɗi? Kalma guda. Uwar matata ce ba ta da lafiya. Shi ke nan an watse."

Safiya ta dube ni kamar na ce ya tuɓe wando a kasuwa. "Inna, surukuwa tai fa. A gaban maza, shi kama maganarta? Tun da ta zo ko ɗakin nan bai shigo ba, a masallaci yake kwana. Ko ni ba ya ce ma innarki, sai dai ya ce mutanenmu."

Ashe kalmar da ta kashe shi girmamawa ce. Mafi kyawun abin da ya iya faɗi ke nan.

Da yamma na tare Malam Abdulaziz tun kafin ya kafe babur ɗinsa, na zazzage masa labari. Ya dafe kai, ya yi salati, ya ce wallahi ya san yaron nan ba mugu ba ne.

"To ka tahi ka kira shi," na ce.

"Inna, shi dawo mana. Wa ya hana shi?"

"Kai ka hana shi. Da bakinka ka fitar, da bakinka za ka maido."

"Ni in shiga kangon Fulani yanzu? In anka gan ni, gobe ni za a ce ma infoma. Ina da ɗiya ƙanana."

"Aika ɗan aji."

"Wa za ni aika? Wa za shi yarda?" Ya kau da kai. "Ki ce mai ƙofa buɗe take."

Na ce masa ƙofar kabari ma buɗe take, ba wanda ke shiga don an bar ta buɗe. Ya yi dariyar yaƙe ya shige aji. Na faɗa wa Mas'udu shi ma, don na ga hakki ne ya sani. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Inna, ko uwar da ta haife shi ce, yayana dai shina daji."

Na iske Labbo a kasuwa, zaune cikin baronsa. Yana ganina ya miƙe. Na ce masa Malam ya ji gaskiya, ya ce ƙofa buɗe take.

"Shi ya aiko ki, Inna?"

"Ya ce ƙofa buɗe take."

"Da bakinai ya ce Labbo shi dawo?"

"Kai, wane irin mutum ne kai? Shanu sun tahi, ruga ta tahi, kunya ce za ka dafa ma ɗiyarka? Ka zo ka zauna, wanda ya tanka maka ni da shi."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Inna, duk abin da nike da shi an kwashe. Wagga kunya kaɗai ta rage da ba a kora ba." Sannan ya ce, "In ya kira, ina nan."

Na yi ta kai-kawo tsakaninsu kamar dillaliyar da ba a biya. Malam kullum sai ya ce gobe in Allah ya so zai duba. Mutumin kirki ne, na faɗa, amma kirkin matsoraci ba ya kai mutum ko'ina. Labbo kullum sai ya ce to. Ana haka ƙungiyar ta aiko a rufe sunayen waɗanda za su yi jarrabawa, duk wanda fashinsa ya yi yawa a cire shi. Ana haka tsohuwar ta rasu. Ana haka mai kango ya samu kwano, ya ce su tashi zai yi rufi.

Ranar ƙarshe da na ga Labbo, la'asar ce, 'yan aji sun shiga. Na hango shi tafe, raina ya yi fari, na ce yau dai ya haƙura. Ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata, ya tambayi ciniki. Ta taga ana jin muryar Malam yana bayani. Labbo ya tsaya yana sauraro, kansa a karkace kamar yadda yake yi wa tanki. Malam ya gan shi, na rantse ya gan shi, don maganarsa ta sarƙe. Kalma ɗaya ake nema, ya ce Labbo shigo. Ya dubi Mas'udu, ya dubi allo, ya ci gaba da bayani.

Na juya baya kamar yadda na saba, don in ba shi wuri ya ɗauki hoce. Da na waiwaya ya yi nisa. Hocen yana nan. Kusa da shi ya ajiye sifanar makaranta, wadda ke hannunsa ranar da aka fitar da shi, ya goge ta fes. Washegari aka ce an ga sun hau motar Tsafe, shi da Safiya da yarinyar.

An yi bikin gamawa bayan girbi. Waɗanda suka kai ƙarshe ba su cika benci biyu ba. Akwatin kyauta ya zo, ƙarami, bai kai yadda aka zuzuta ba. Mas'udu ya karɓi nasa, washegari na ga akwatin a hannun wani ɗan gwangwan. An ce ya haɗa kuɗin ne cikin abin da ake tarawa don a sako yayansa, saboda haka ban zage shi ba. Mai garejin hanyar Bungudu ya ɗauki wani.

Bana ma an sake buɗewa, an sake cika, ana sake zubewa. Malam Abdulaziz yana nan, in ya zo wucewa ta gabana yakan ƙara sauri. Kwanaki wani mai kawo mini dawa daga Kucheri yake ba da labari a nan gindin katanga, wai waɗanda aka sako daga daji sun ce akwai wani bakanike a can, dogo, ba ya magana, ba ya ɗaukar bindiga, in an kawo masa babur sai ya kara kunne jikin tanki. Masu saurare suka ce Allah ya tsine masa. Mai dawa ya juyo ya ce, "Inna, ba ki ce komi ba."

Na ce masa dawarsa ta bana duk tsakuwa ce, ya rage mini ko ya ɗauki abinsa.